Ciwon kan yara: ba kullum ƙwaya ba

A gidajenmu, da yaro ya ce kansa na ciwo sai a aika kemis a sayo Panadol, gobe ma haka. Abin yana damuna, domin shan maganin ciwo kwana 15 ko fiye a wata shi kansa yana jawo ciwon kai.

Akwai hanyar da likitoci ke kira CBT. Ana zama da yaro a gano abin da ke tayar masa da ciwon: rashin barci, yunwa, ko tsoron bulala da jarrabawa. Sai a koya masa jan numfashi a hankali da kwantar da tunanin da ke firgita shi. Wani bincike da aka wallafa a 2013 daga asibitin yara na Cincinnati a Amurka, kan yara 135, ya nuna kashi 66 cikin 100 na waɗanda aka haɗa musu ita da magani sun samu raguwar kwanakin ciwo da rabi.

Da na fara rubuta ranakun ciwon 'yata, sai na ga yawanci Litinin ce, ranar lissafi.

Amma in akwai zazzaɓi, amai ko sandarewar wuya, a garzaya asibiti, nan Giade ko Azare. Allah Ya raya mana su.