Lauya na Yamai, shari'a na Ƙwanni



Akwai tambayar da ba ta ƙarewa a wayar shirinmu: "An kama ɗana, ina zan samu lauya?" Wani rikicin gona ne, wata gadon marayu, wani kuma an sallame shi daga aiki babu haƙƙi. Duk sanda munka ji wanga tambaya sai jikinmu ya yi sanyi, don amsar gaskiya ita ce: mafi yawan lauyoyin Nijar, da ofisoshinsu, da shugaban ƙungiyarsu da ake kira batonye, a Yamai suke. Tsakaninmu da su fiye da kilomita 400. Kafin aboka ya buɗe baki gaban alƙali a Ƙwanni, sai ka biya mota da masauki, ga kuɗin aikinsa. Mai buhu goma na albasa ina zai kai?

To, inda babu lauya, dillali ke shiga. Kun san su, masu jaka a ƙofar gidan shari'a, masu cewa "na san wane, kawo jika hamsin a gyara". Nan ake sayar da akuya da gona, shari'a kuma tana nan inda take.

A Ostireliya da Ingila aikin lauya kashi biyu ne. Akwai mai zama ofis yana karɓar mutane da shirya takardu, akwai kuma barista mai tsayawa gaban alƙali. Baristocin nan suna da wata ƙa'ida mai kama da layin tasi a tasha: in shari'a ta zo a fannin da ka iya, kana da lokaci, an biya kuɗin da ya dace, ba ka da ikon ƙin ta don ba ka son mutumin. Mu nan aboka guda ke yin aikin biyu, kuma damuwarmu ta wuce a ƙi mu. Tashar ce babu mota.

Amma hwa kada mu ce ba mu da komai. Tun 2014 ƙa'idar UEMOA ta ce lauya na iya tsaya wa mutum tun daga lokacin da anka kama shi, ko a jandarmari ko wurin ƴan sanda. Sannan a 2011 anka kafa hukumar ANAJJ, mai taimaka wa marasa hali ta fuskar shari'a, kuma tana da ofis a manyan kotuna, har da ta Ƙwanni. Shawara a wurinsu kyauta ce. Yaro ƙarami da ake tuhuma, da mai naƙasa, da macen da anka ci zarafinta, doka ta ba su haƙƙin a tsaya musu. Da yawanmu mun wuce ƙofar nan ba mu sani ba.

Don haka, ƴan uwa, ga abin da muke roƙo. Kada ka sa hannu ko yatsa a takardar da ba a fassara maka da Hausa ba. In wani ya ce shi lauya ne, tambayi sunansa da ofishinsa, don duk lauyan gaskiya sunansa na cikin jerin ƙungiyarsu. In ka ba da kuɗi, karɓi rasit. In an yanke hukuncin da bai gamshe ka ba, tambayi kwanakin ɗaukaka ƙara a ranar, don ƙidayayyu ne, in sunka wuce shi ke nan. Rikicin gona kuwa, in an sasanta wurin sarki ko hakimi, a rubuta sulhun, kowa ya riƙe tasa takarda.

Ga manyanmu lauyoyi kuma, muna gaisuwa. Simintin Malbaza na zuwa Yamai kullum, albasar Galmi ma haka. Ku ma ku riƙa biyo hanyar nan, ko da sau ɗaya a wata, ku zauna Ƙwanni ku saurari talakawa. Makirufonmu a buɗe yake gare ku.

Ku kuma masu saurare, ku faɗa mana a ƙasa: wa ya tsaya muku ranar da kunka shiga gidan shari'a? Kada dai a ambaci sunan kowa. Allah ya raba mu da sharrin shari'a, amin.