Dalilin da Ya Sa Nake Toshe Tagogin Jirgina

Duk mai haɗa ƙananan jiragen sama na roba, waɗanda Faransawa ke ce wa maket, akwai shawarar da ke jiransa tun kafin ya manne ɓarin jikin biyu: tagogin nan, a bar su a buɗe ko a toshe? Ni cikin masu toshewa nake. Abokin ɗakina a jami'a ya ce wannan ha'inci ne: an huda maka taga ta gaske, ka cike ta, ka liƙa hoton taga a kai. Maganarsa tana da kama hankali, amma ban yarda ba.

Mu fara da lissafi. Galibin jiragen fasinja na Revell da Airfix a ma'aunin 1/144 ake yin su, wato kowane santimita ɗaya yana tsaye a madadin 144. Wanda ke kan teburina Airbus A310 ne, kawuna ya kawo mini daga Faransa. Na gaske ya ɗara mita 46, nawa santimita 32. Kowace taga milimita biyu ce da ɗan wani abu. To amma kaurin robar ya kai milimita ɗaya, in ka ninka sau 144, bango ne mai santimita 14. A jirgin gaske gilashin waje kusan daidai yake da fatar jirgin, daga nesa ɗigo ne mai duhu, sumul. Na maket kuwa rami ne mai zurfi, kamar gara ta bi layi tana ci. Ga shi kuma kamfanonin sufuri ba tsarin tagoginsu ɗaya ba, wasu kan rufe na wajen kicin ko bayan gida.

Aikin kansa ba wuya gare shi ba, haƙuri yake so. Ana liƙa sikoci ta waje a kan jerin tagogin, a danna mastik ta ciki har ya cika kowane rami. Wanda ake cuɗa kala biyu, irin Milliput, shi ya fi, don ba ya ƙanƙancewa in ya bushe. Wasu kan manna siririyar roba ta ciki, su cike ta waje da gam mai kamawa nan take da ɗan bikarbonat. Wannan kam a goge shi da wuri, in ya kwana ya fi robar tauri, sai ka cinye jikin jirgin shi yana nan. Daga nan sai takardar yashi da ruwa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, sannan fentin share fage mai ruwan toka. Wannan fentin ba ya rufa wa kowa asiri. Ka ɗaga jirgin a hasken yamma, duk tagar da ba ta cika ba za ta leƙo. Mastik na kwalba ɗaya ya fi kowa yaudara, musamman a zafin Yamai: samansa ya bushe cikin minti kaɗan, cikinsa ɗanye, bayan sati biyu ya lotsa, tagogin su dawo kamar fatalwa ƙarƙashin fenti. Shi ya sa nake ba shi kwanaki. Sai jiki ya yi sumul ake liƙa dekal, ƴar takardar nan da ake jiƙawa a ruwa, mai ɗauke da zanen tagogi a jere.

A ajinmu na ilimin harsuna na sami abin da nake amsa wa abokina da shi. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Gari na mutane da gari na tuwo rubutunsu ɗaya. An toshe waɗannan tagogin da gangan, kuma ba wanda ya ce an ha'ince shi, don mai karatu daga inda yake tsaye yana ganin maganar daidai. Ka cika shafi da alamomi, ka fi kusa da furuci, amma karatun ya yi nauyi. Duk abin da aka rage wa girma sai an zaɓi abin da za a bari a baya.

Ban ce buɗaɗɗiyar taga ba ta da rana ba. Mai son haske ya ratsa jirginsa yakan ja farin gam da tsinken sakace a bakin ramin, in ya bushe ya zama kamar gilashi. Yana da kyau, wallahi.

Ni dai abin da nake nema daban ne. Kalar Air Afrique zan yi masa, fari da kore, kamfanin da Nijar ke cikin ƙasashen da suka kafa a 1961, ya durƙushe a 2002. Da shi kawu ya fara barin ƙasa, kuma abin da yake tunawa shi ne yadda ya hango jirgin a filin Yamai kafin ya hau. Wannan hangen nake son mayar masa. Maket ɗin guda ɗaya ne, ban san inda zan sami wani a garin nan ba, kuma tagar da aka toshe ba ta sake buɗuwa yadda take. Ɓarin hagu ya gama. Na dama yana cikin kwali saboda ƙurar hunturu, sai ranar Juma'a zan duba ko ya lotsa.