HULA A JIKIN ƘUSA

Duk wanda ya taɓa kwana a Ƙauyen Alu cikin watan Janairu ya san sanyin wajenmu ba ya sallama. Hazo ya sauko, leɓe ya tsage, kaushi ya buɗe baki, ruwan randa kuwa da asuba sai ka yi bisimilla uku kafin ka tsoma hannu. To a irin wannan lokaci ne nake ajiye biro in ɗauki kwarashi, domin masu karanta littattafaina suna iya jira, amma kunnen yaro ba ya jira.

Saƙar nan a makarantar sakandare na fara koyonta, a darasin tattalin gida, amma gaskiya Inna ce ta gyara mini hannu. Ita da tsinkaye biyu take yi, ni kuwa kwarashi ya fi mini sauri. A wurinta na koyi dabarar talaka: ki je Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo, ki zaɓi tsohuwar suwaita ta manya wadda asu bai ci ba, ki farke ɗinkin gefe, ki kamo bakin zaren ki yi ta warwarewa. Zai fito a nannaɗe kamar taliyar yara, sai ki naɗe shi a bayan kujera, ki ɗaure, ki jiƙa a ruwan ɗumi, ki shanya a inuwa ya miƙe. Suwaita guda takan ba ni hula biyu da safar ƙafa, har da ragowa. Sai dai 'yar'uwa ki kula, yawancin abin da muke kira ulu ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne. Idan yaro ya matsa kusa da kaskon garwashi narkewa yake yi ya manne a fata.

Mu biyu ne a gidan, ni ce amarya. Zamanmu da Yaya ba faɗa ba ne, ba kuma daɗi ba, irin zaman nan na ina kwana, lafiya lau, kowa ta saki labulenta. Tana da yaro ɗan shekara 6 a lokacin, mai amosanin jini, sikila dai da kowa ya sani. Wanda bai zauna da mai wannan larura ba bai san abin da hunturu yake nufi ba. Likitoci sun ce sanyi yana tsuke hanyoyin jini, ƙwayoyin jinin nasu kuma masu kama da lauje sai su maƙale, ciwon ya sauka a ƙashi. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nata. Kukan yaron ba mai ƙara ba ne, wani nishi ne siriri, kuma wallahi ya fi ihu hana barci.

A farkon 2023 ne, lokacin canjin kuɗi, da aka sauya takardun Naira 200 da 500 da 1,000 tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane. Maigida yakan wuni a layin banki a titin Zariya ya dawo hannu rabbana. Sayen sabuwar rigar sanyi kam babu maganarsa. Abin da ya rage mini dunƙulen zare biyu ne, shuɗi, waɗanda na ɓoye don 'yata. Na daɗe ina juya su a hannu, ba zan yi miki ƙarya ba. Tawa lafiyarta ƙalau, amma ai tawa ce. A dare na uku na nishin nan na kunna fitilar waya na fara ɗaura ido. Kwana biyu na gama hula mai rufe kunne da igiyar ɗaurewa a haɓa, da safar hannu wadda ba yatsu sai babban ɗan yatsa, don ita ta fi riƙe ɗumi.

Na kai mata da hantsi. Na ce, "Yaya, ga wannan a sa wa yaron nan." Ta karɓa da yatsu biyu, ta juya ta ciki da waje, har ta ɗan shinshina, ta ce, "An gode, Amarya." Da la'asar na hango hular rataye a jikin ƙusa a bakin ƙofarta, ta waje.

Na gane, ai ni ma 'yar Kano ce. Abin da ya fito daga hannun kishiya zuwa kan ɗa namiji, wa ya san me aka tofa a ciki? Ni kaina na sha rubuta irin wannan a littafi, kishiya ta kai tsire ko turare da mugun nufi, masu karatu suna ta yaba mini. Ranar nan na ji kunyar wasu shafukan nawa. Amma haushi ya fi kunyar yawa, har sau biyu ina miƙa hannu zan cire abata in sa wa 'yata, sai in fasa. Ban gaya wa maigida ba, don na san zai yi faɗa a sa hular dole, ni kuwa ba haka nake so ba.

Kwana 19 ta yi a wurin, ƙura ta mayar da shuɗin toka-toka. A ciki har an kwantar da yaron kwana huɗu a Asibitin Malam Aminu Kano, ni na riƙe girki da sauran yara, ina aika kunu a fulas. Ko da suka dawo ba ta ce mini komai ba bayan sannu da gida.

Wata asuba ina alwala sai na ga ƙusar babu komai. Na ce a raina to, an jefa a shara. Ina cikin hura wuta sai ga ta tsaye a kaina, hular a hannunta, an wanke ta tas, yaron yana laɓe a bayan zaninta da safar a hannuwansa.

Ta ce, "Amarya, kin yi ta ƙarama, tana matse masa goshi. Kansa irin na babansa ne."

Na ce, "Zaren ya ƙare, Yaya."

Ta shiga ɗaki ta fito da wata jar suwaita tata ta zamanin 'yanmatanci, ta ajiye mini a kan turmi, ta ce in warware. Shi ya sa har ta yi masa kaɗan hular nan shuɗiya ce mai jan baki.