Kainuwa Dashen Wa?

Hausawa suna yi wa kainuwa kirari da dashen Allah, gama ba wanda ya taɓa ganin mai shuka ta. Sai dai a wayi gari a ga ta shimfiɗu bisa tafki kamar an baza koriyar tabarma, saiwarta tana lilo cikin ruwa ba ta taɓa ƙasa ba. Shi ya sa in mutum ya ɗaukaka ba da jingina da kowa ba, makaɗa su kan ara masa wannan kirari. To, kirari ya yi daɗi a bakin maroƙi, amma in an kai shi gaban alƙali sai ya zama rigima. Abin da ba wanda ya dasa, ran da ya toshe wa jama'a mashaya, wa za a kama a ce ya cire shi?

Ni mazaunin ƙetaren gada ne a Kaduna, watau kudancin kogi, wajen Makera da Kakuri, inda tashar jirgin ƙasa da masaƙu suka tara kabilu iri iri bisa ƙasar da Gbagyi suka riga kowa zama. Mu a nan kogin ba abin kallo ba ne kurum. Daga cikinsa a ke jawo ruwan famfo a tace a aiko mana, in Allah ya sa an aiko. A bakinsa 'yan lambu su ke noman alayyafo da tumatir da rani, masu ɗibar yashi suna nutso, masu wanki suna shanya bisa duwatsu, Fulani suna gangaro da shanu. Ya taso daga tsaunukan Jos, ya ratsa garinmu, ya shiga Jihar Neja inda aka datse shi a Shiroro, sa'an nan ya je ya faɗa Kwara. Mai karatu ya riƙe wannan tafiya tasa a zuciya, domin ita ce ta rikita maganar doka, kamar yadda za mu gani.

Kainuwar da muka gāda ba ta da wata ɓarna mai yawa. Ita da bado sun san ƙa'idar zaman duniya: su yi yaɗo da damina, in kududdufi ya ƙafe su bushe tare da shi. Amma akwai wata baƙuwa wadda mutane da yawa su ke kira da sunan kainuwa don rashin wani suna, alhali ba danginta ba ce. Ganyenta kauri gare shi da sheƙi, gindin ganyen a kumbure kamar 'yar gora, shi ke sa ta yawo bisa ruwa, ga fure mai ruwan shuni wanda in ka gan shi sai ka so ka tsinka ka kai gida. Wannan kyau nata shi ya raba ta da ƙasarsu. Asalinta daga kogin Amazon ne a Amurka ta Kudu, masu sha'awar furanni suka yi ta ɗaukarta suna kai wa tafkunan gidajensu, daga nan ta sulale ta shiga koguna. A 1984 aka fara ganinta a Nijeriya, ta ɓullo ta wajen Badagiri daga ƙasar Benin, ta rufe hanyoyin ruwa na Ikko. 'Yan shekaru kaɗan bayan haka ta gangaro ta Kwara daga wajen Jamhuriyar Nijar ta shiga tafkin Kainji, har sai da aka gitta shinge mai yawo bisa ruwa don a tare ta kada ta kai ga injunan lantarki.

Halinta kuwa abin tsoro ne. In ta sami ruwan da ta ke so, cikin kamar mako biyu ta kan ninka yawanta. Irinta ya kan kwanta cikin laka shekara da shekaru yana jiran sa'a. In ta rufe fuskar ruwa, rana ba ta shiga, iskar da kifi ke shaƙa ta ragu, koma ba ta jefuwa, kwalekwale ba ya wucewa, sauro da katantanwar da ke kawo tsargiya su sami mafaka. In ta mutu ta nutse ta ruɓe, ruwa ya canza ɗanɗano, ma'aikatar ruwa ta ƙara kashe kuɗin magani kafin ta tace shi.

Kada wani ya ce sai baƙo ke ɓarna. A je Haɗeja da Nguru a tambayi labarin kacalla. Da can ciyawa ce kamar kowace, tana tsaye a gefen fadama, ana yanka ta a yi shinge. Kogin Haɗeja a wancan zamani ya kan cika ya batse da damina, da rani ya janye ƙasa ta bushe ta tsage, kacalla ta sha wuya. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai ruwa ya zama yana tafiya a hankali rani da damina. Kacalla ta ga banza ta faɗi. Ta toshe hanyoyin ruwa, ruwa ya malala inda ba a bukatarsa ya ƙi zuwa inda a ke jiransa, gonaki suka nutse, waɗansu suka ƙone da ƙishi, jan-baki ya sami wurin sheƙa yana fita da safe yana cinye shinkafa da gero. Waɗanda suka gina madatsun nan alheri suka nufa, kuma Kano ta sha ruwa ta yi noman rani da su. Sai dai mutumin Nguru ne ya biya wani kashi na kuɗin, ba a kuwa yi shawara da shi ba.

Abin da na ɗauka daga labarin nan biyu shi ne, ciyawar ruwa abu biyu ta ke nema: ruwa mai kwanciya, da abinci. Na fari Allah ya rage mana shi a Kaduna, gama koginmu mai duwatsu ne, kuma ambaliyar Agusta da Satumba ta kan share duk abin da ta tarar. Amma daga Janairu zuwa Afrilu kogin ya kan rame, ya rabu gurbi gurbi, bakin kowace magudana ya zama tafki. Na biyu kuwa, watau abinci, mu da kanmu mu ke kai mata har gida. Tun da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957, zamanin Sardauna, kudancin kogi ya zama unguwar masana'antu, lambatun Kakuri da Makera suka riƙa kwasar ruwan rini suna kai wa kogi. Wadda aka fara buɗewa ta rufe a 2002, yawancin 'yan'uwanta suka bi ta, amma mutanen da masaƙu suka tara ba su koma ko'ina ba, sai ma ƙaruwa. Nasarawa, Barnawa, Narayi, Sabon Tasha, Unguwar Romi, duk sun cika sun tumbatsa, ruwan wanka da na wanke-wanke da na mahauta da na bayan gida duk hanyarsu ɗaya. Ƙara da takin zamani da ruwan ban-ruwa ke wankowa daga lambuna. Abin da ke sa masara ta yi kore a gona shi ke sa ciyawa ta yi kore a ruwa. Na sha tsayawa da rani a bakin wata magudana ina duban yadda ciyawa ta yi dandazo daidai inda baƙin ruwa ke shiga, alhali can sama kaɗan, inda ruwa ke da haske, duwatsu ne tsirara.

Yanzu sai mu zo ga doka, inda na ke so mu daɗe kaɗan. Malamai sun karantar da mu cewa ruwa da makiyaya da wuta na tarayya ne, ba a hana mai ƙishi sha. Wannan kowa ya yarda da shi, Musulmi da Kirista da mai bin al'adar kakanni. Amma dokar Gwamnati ba ta tsaya nan ba, sai da ta rarraba. Tsarin mulki na 1999 ya sa ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya a hannun Tarayya, kuma dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta riga ta faɗi haka. Kogin Kaduna ya taɓa jiha fiye da ɗaya, saboda haka na Tarayya ne. Dokar 1997 wadda ta kafa hukumar hanyoyin ruwa ta ƙasa, mai hedkwata a Lakwaja, ta lissafa shi cikin kogunan da ke ƙarƙashinta, kuma a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta ƙarfafa ikon wannan hukuma a shari'arta da Jihar Legas. Akwai kuma hukumar raya kogin Kwara ta sama a Minna, wadda yankinmu ke cikin rabonta. Ƙasar da ke gefe kuwa, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ta amana ga Gwamna. Ruwan famfo na Jiha ne, ƙarƙashin dokar ruwa da tsabta ta 2016 wadda ta mai da tsohuwar hukumar ruwa kamfani. Ƙazanta da shara na hukumar kare muhalli ta Jiha ne. Kwatar unguwa kuma a kan ce ta ƙaramar hukuma ce.

To, ga ciyawa ta tsiro a bakin lambatu, rabinta cikin kwata rabinta cikin kogi. Ta wa ce? In maganar kuɗin lasisin yashi ce ko harajin ruwa, za ka ga kowace hukuma ta fito da takardarta tana cewa nan hurumina ne. Ran da aka ce a zo da lauje da kwalekwale, sai kowa ya tuna iyakar ikonsa. Ba a rasa doka kan ciyawar kanta ba. A 2013 an fitar da ƙa'idodi na Tarayya kan baƙin tsirrai da dabbobi masu mamaye wuri, a hannun hukumar tabbatar da dokokin muhalli wadda aka kafa a 2007. Sai dai ban taɓa gamuwa da masunci ko ɗan lambu wanda ya ji labarinsu ba, kuma takarda a Abuja ba ta yanke ko kara ɗaya a Romi. An yi ta jayayya a Majalisar Tarayya kan sabuwar dokar ruwa, aka ƙi ta a 2018, aka sake kawo ta a 2020 aka yi ta hayaniya, duk a kan wa zai mallaki ruwa da gaɓarsa. Ban ji an ɗaga murya haka a kan wa zai share shi ba.

Waɗansu ƙasashe sun riga mu shan wannan magani. Da baƙuwar ta shiga Farin Nilu, Sudan ta yi mata doka ta musamman tun 1960. A Amurka kuwa, inda a ke cewa an fara baje ta a wani bikin nune-nune a birnin New Orleans a 1884, jihar Fulorida ta fi kowa wahala da ita, har jiragen ruwa suka kāsa tafiya a kogunanta. Abin da ya burge ni a dokarsu ba tsananin hukunci ba ne. Sun hana ajiye ta ko safararta sai da izini, sun ɗora aikin a wuyan hukuma guda wadda a ke iya kiran sunanta, sun yanka mata kuɗi daga rajistar jiragen ruwa, sa'an nan suka ce a riƙa rage ciyawar kullum tun tana kaɗan, kada a jira ta rufe kogi a zo ana gangami. A tafkin Biktoriya kuma, cikin shekarun 1990, wani ɗan ƙwaro aka kawo daga ƙasarta ta asali, mai cin ganyenta yana huda gindinta, ya taimaka ƙwarai wajen karya ta.

A ganina Jihar Kaduna ba ta bukatar ta ci Tarayya da shari'a kafin ta yi abin kirki. A bar wa Tarayya tsakiyar kogi. Abincin ciyawar ta hannunmu ya ke bi, kuma kowane lambatu daga tushensa har bakinsa cikin ikon Jiha ya ke. Da a ce doka za ta ambaci magudanan nan da sunayensu, ta ce wannan hukuma ce za a tuhuma in bakinsu ya toshe, ta ba ta kuɗi na kowace shekara, ta tilasta wa mahauta da masana'antu su tace ruwansu kafin su sake shi, da an yi rabin aiki. Sauran rabin akwai masu shi tun da daɗewa. Kafin a san hukuma, Sarkin Ruwa ke faɗin ran da za a shiga su da ran da za a bari, mai unguwa ya kira gayya a yashe rafi. Mutanen Haɗeja har yanzu su kan fita gayyar yankan kacalla, ruwa iya ƙirji. Doka mai hankali sai ta san da irin waɗannan, ta ba su kayan aiki da ɗan abin sayen goro, maimakon ta ɗauko ɗan kwangila wanda bai san inda zurfi ya ke ba.

Abu biyu kawai zan roƙa a kiyaye. Kada a yi saurin fesa maganin kashe ciyawa a ruwan da a ke sha, musamman sama da inda ma'aikatar ruwa ke ɗiba, ko kusa da lambuna. Kuma waɗanda ke cewa a mai da ciyawar abincin dabbobi ko taki, maganarsu tana da kyau ga wadda aka ciro daga ruwa mai tsabta. Ta bakin lambatu kuwa ta kan tsotse gubar ƙarafa ta ajiye a jikinta, wanda ya ba akuya ita ya ba 'ya'yansa ke nan ta bayan gida. A tsamo ta, a shanya nesa da gaɓa, a binne ko a ƙone.

Lokacin aikin ma sananne ne, Maris da farkon Afrilu, sa'ad da ruwa ya ja baya har yaro ya kan taka ya ƙetare waɗansu wurare. In aka bari ruwan farko ya sauka, ambaliya za ta kwashe ta mu ce mun huta, ita kuwa ta bi ta ƙarƙashin gada ta nufi Shiroro, inda ruwa ke kwance shekara duka, ta zama maganar masuntan Jihar Neja.