Zama da Ƙarar da Ba Mai Ji Sai Ni

Daga cikin jarrabawar da Allah Maɗaukakin Sarki Yake yi wa bayinSa akwai wadda ido ke gani, kamar makanta da gurguntaka, har jama'a su tausaya wa mai ita, akwai kuma wadda ke ɓoye cikin kan mutum, babu mai shaida ta sai shi da Mahaliccinsa. Irin ta biyun nan ce rabona, domin tun ina da sauran ƙarfi nake ɗauke da wata ƙara a kunnuwana, siririya kamar kukan gyare, wadda ba ta san dare ba balle rana.

Sababinta a fili yake. Na ƙare ƙuruciyata a kan injin nikanika kusa da kasuwar Nima a Ankara, ina niƙa masarar tuwo da geron koko, ranar Laraba kuwa, da yake ita ce ranar kasuwa, injin ba ya hutawa sai magariba; ga kuma kwinin da muka sha saboda zazzaɓi, wanda shi ma yakan sa kunne kuka. Da farko tsofaffi suka ce ana ambatona ne a wani wuri. Da ambaton ya ƙi ƙarewa, sai na tafi asibitin Korle Bu, inda likita ya auna jina, ya ce: "Baba, can cikin kunne akwai wasu 'yan gashi masu karɓar sauti, waɗanda idan ƙara mai tsanani ta kashe su ba sa sake tsirowa, ƙwaƙwalwa kuwa, da ta rasa abin da ta saba samu daga gare su, sai ta ƙago nata sautin." Ya ƙara da cewa ƙarar da ta kai desibel 85, in aka yini cikinta awa takwas kullum, ta isa ta yi wannan ɓarna. Daga baya wani malami a Maamobi ya faɗa mini cewa Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ambaci wannan illa cikin littafinsa Al-Ƙanun, sai na ji sanyi a raina, ganin cewa cutar tana da tarihi, kuma hukama sun san da ita.

Abin al'ajabi, hayaniyar Nima da baƙi ke kuka da ita ni rahama ce gare ni. Hon ɗin motocin tirotiro a babban titi, da kiran masu sayar da waake, da muryoyin almajirai a makarantar allo, duk sukan rufe ƙarar har in manta da ita. Wahalata tana cikin shiru. Idan watan Mayu ya kama, sarakunan Ga, masu ƙasar Ankara, suka hana kiɗa da hayaniya na kimanin wata guda gabanin bukinsu na Homowo, aka rage lasifika, gari ya ɗan lafa, maƙwabta suna hamdala, ni a lokacin ƙarar take samun fili. Haka kuma dararen dumsor na 2015, sa'ad da wuta kan ɗauke, fanka ta tsaya, in kwana ido biyu ina sauraron kaina.

A salla ne na fi shan gwagwarmaya, domin na daɗe ina zaton khushu'i ba ya samuwa sai inda babu motsi, har nakan tashi tahajjudi in ɓata rabin daren ina faɗa da kunnena. Sannu a hankali na gane cewa ƙarar tana cin abincinta ne daga fushina: duk sa'ad da na tsaya ina auna ta, ina tambayar ko yau ta ƙaru, sai ta cika kaina, idan kuwa na bar ta a gefe, na tattara hankalina kan ma'anar abin da nake karantawa, takan koma baya, ko da yake ba ta tafi ba. Likitoci suna kiran wannan sabo, ma'abota tasawwufi kuwa sun daɗe suna horon zuciya a kan irinsa, kuma a ganina su suka fi gane cewa aikin ba ya ƙarewa. Har yanzu akwai daren da takan rinjaye ni.

Ta kuma canza yadda nake zama da mutane. Saboda jina ya ragu, dole in dubi fuskar mai magana, in bari ya kai aya, alhali a da ina cikin masu katse zance. Wanda ya ce mini ba shi da lafiya, ko da na gan shi garau, na daina neman hujja a wurinsa.

Yanzu nakan bi ta wajen samarin da ke kan injinan niƙa da masu walda, in ce: "Ɗana, nemi abin toshe kunne, kuɗinsa bai kai na kwanon waake biyu ba." Wasu su ce, "To, Baba, mun ji," su koma aikinsu. Ɗayansu ya saya, amma ya ce yana hana shi jin masu ciniki, saboda haka sai ranar Laraba yake sa shi.