Garke Daban, Hurumi Daban

Jama'a, mu da ke karantar da 'ya'yan Hausawa a nan Makka, akwai kalma guda da kan ba mu aiki duk sa'ad da muka zo hadisi na shida cikin Arba'una ta Imamu Nawawi. Nan ne aka buga misali da makiyayi mai kiwo a gefen hima. Da mun ce a fassara hima, sai yaro ya ce garke.

Ba mu ga laifinsu ba. Yaron da aka haifa a Shara Mansur ko Misfala, iyakar saninsa da dabba tumakin da ke cunkushe a kasuwar Ka'akiyya, sai kuma na hadaya da a ke tarawa a Mu'aisim kusa da Mina, inda a da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ne ya kula da yanka, aikin da ya soma a 1983. Wannan shi ne garke, zariba in ji Larabawa. Wuri ne ƙanƙane a kewaye, ƙasarsa duk turɓaya da kashin tumaki, ba ko tsinken ciyawa. Harawa da ruwa kawo su a ke yi.

Hima kuwa fili ce mai ciyawa wadda shugaba ya keɓe. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u domin dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Abin da ya fi kusa da ita a wurinmu shi ne hurumi, ko da ya ke hurumin gari na kowa ne, ita kuwa ta hadisin ta sarki ce, an hana talaka. Dattawanmu da suka taso Katsina ko Maraɗi sun san hurumi sarai: ba a noma shi, burtali ke kai dabbobi can, galibi kuma ba shinge.

To, ga inda maganar ta ke. In hima garke ce, misalin ya rushe. Wace akuya ce za ta yi kwaɗayin shiga inda ba ciyawa? Ko ta so ma, shinge ya tare ta. Amma fili kore shar, ba danga, iyakarsa sai a cikin kan makiyayi, nan ne gyangyaɗi kaɗan kan jawo tara. Yaron da ya ce garke zai tashi yana zaton kowane haram da katanga a jikinsa.

Saboda haka yanzu kafin mu buɗe littafi sai mu aiki yaro gida ya tambayo kakansa hurumi da burtali. Wanda ba shi da kaka, mu haɗa shi da na wani.