Yawon Sallah Da Ƙaramin Yaro A Dutse

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka, in ba 'yan'uwana ma'aikata labarin wata tafiya da na yi zuwa Dutse da Ƙaramar Sallah ta shekarar 2025, ni da maiɗakina da ɗanmu na fari, yaro ɗan shekara biyu da wata bakwai. Tafiyar ba ta da nisa, amma abin da ya same ni a cikinta ina zaton ya kan sami mutane da yawa, su yi shiru don kunya. Ni dai na ga gara in faɗa, ko wani ya ƙaru.

Asalin maganar shi ne, ni akawu ne a Kano, kuma tun da aka haifi yaron nan na ke ɗokin ranar da zan kai shi ya ga hawan Sallah. To, a shekarar nan sai 'yan sanda suka ba da sanarwa cewa ba za a yi hawa a Kano ba. Da na ji haka sai na ce wa maiɗakina mu tafi Dutse wurin iyayenta, mu yi zumunci, yaro kuma ya ga dawaki. Dā ma na yi wata uku ina ɗan ajiye wani abu daga albashi saboda hidimar Sallah. Mu da muka yi makarantar Mishan an saba mana da yin kome bisa agogo, saboda haka na ɗauki takarda na ja layi, na rubuta abin da za mu gani kowace rana da sa'arsa: ran Sallah hawa, kashegari wurin lilo, ran nan kuma Birnin Kudu mu ga zanen mutanen dā da ke jikin duwatsu. Maiɗakina ta duba takardar ta ce, "Malam, ba ka rubuta lokacin barcin yaro ba." Na ce ai barci ba ya wuce mutum, ya yi in mun dawo.

Muka tashi ran Asabar, jajibere, 29 ga Maris, muka bi ta Wudil muka ƙetare gada, muka wuce Gaya, muka isa Dutse da la'asar. Wanda bai taɓa zuwa ba ya sani garin ya ci sunansa. Tun daga nesa za ka hangi duwatsu sun yi jerin gwano, waɗansu manya sun hau kan ƙanana kamar da hannu aka ɗora su, ga itatuwan dabino tsaye a gindinsu. Ana yi masa kirari da Dutse Gadawur, tsofaffi kuwa sun ce sunan ya samo asali ne daga gada, wadda mafarautan dā su ke samu da yawa a wurin. Tsohon gari ne, gama sunansa ya fito a tarihin sarakunan Kano tun zamanin Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452. Amma girman da ya ke da shi yanzu ya faro ne daga ran 27 ga Agusta 1991, sa'ad da aka yanke Jihar Jigawa daga Kano aka mai da shi hedkwata. Daga nan aka yi ta gina ofisoshi da manyan tituna, har aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011. Fadar Sarki tana Garu, watau tsohon gari, a tsakanin duwatsu. Ƙasar Sarkin Dutse ƙananan hukumomi bakwai ne: Dutse, Birnin Kudu, Gwaram, Kiyawa, Buji, Jahun da Miga. Sarkin yanzu, Mai Martaba Hameem Nuhu Sanusi, ya gaji mahaifinsa, marigayi Nuhu Muhammadu Sanusi, a 2023.

Da gari ya waye ran Lahadi aka yi wa yaro wanka, aka sa masa 'yar shadda mai sitati da hula da takalmi sabo wanda bai saba da shi ba. Surukata ta dube shi ta dube ni, ta ce da 'yarta, "Ki gaya wa Malam a bar mini yaron nan a gida, rana za ta yi zafi yau." Na sunkuyar da kai na ce ai ba za mu daɗe ba. Ba ta ƙara magana ba, sai ta ɗaura masa wani ɗan ƙyalle kore a hannu, ta ce ko don a gane shi. Na yi dariya a zuci, na ce tsofaffi da tsoro.

Bayan an sauko daga Idi muka nufi hanyar Garu, muka sami wuri a bakin titi. Jama'a kuwa ba a magana, ko allura ka jefa ba za ta kai ƙasa ba. Lalle hawan ya yi kyau. Hakimai suka yi ta wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da tawagarsa da makaɗansa, dawaki sun sha ado, ga 'yan lifida, ga dogarai cikin ja da kore, algaita tana tashi, kakaki yana amsawa. Na ɗora yaro a wuya ina nuna masa, ina cewa ga doki, ga doki. Shi kuwa abin da ya ɗauke masa hankali wani balan-balan ne ja a hannun wata yarinya.

Sai 'yan bindiga suka iso daidai inda mu ke, suka saki harbi gaba ɗaya. Kai, ban taɓa jin yaro ya yi ƙara irin wannan ba. Ya ƙanƙame mini kai, ya tuge mini hula, jikinsa duk yana rawa. Na sauke shi ƙasa don in lallashe shi, na riƙe masa hannu. Nan take aka ce ga Sarki nan, mutane suka turo daga baya kowa yana so ya hangi laima. Na ɗaga hannu ɗaya ina jinjina kamar kowa, ɗaya hannun kuma na kai shi aljihu don in ciro waya in ɗauki hoto. Edita, iyakar abin da na yi ke nan. Da na mai da hannu ƙasa, babu yaro.

Masu karatu sun san al'adarmu game da ɗan fari, mutum ba ya kiran sunansa a gaban jama'a, balle shi da ya ci sunan mahaifina, muna ce masa Abba. Ran nan kunya ta tafi. Na yi ta ƙwala kira, Abba, Abba, sai yara wajen goma suka waiwayo, kowa Abba ne, ba nawa a ciki. Maiɗakina ta yi gabas tana kuka, na yi yamma ina tsugunawa ina leƙen ƙafafun mutane. Abin da ya fi tsinka mini zuciya kofaton dawaki ne, gama yaro mai tsawonsa mahayi ba ya ganinsa. Na tambayi wani ɗan sanda ina a ke kai yaran da suka ɓace, ya ce in duba tukuna, in ban gani ba in je ofishinsu in ba da cigiya. Ban ga laifinsa ba, shi kaɗai ne a wurin yana fama da taro.

Agogona ya ce minti 20 aka yi, ni dai na san na tsufa a cikinsu. Can sai na hangi ɗan ƙyalle kore a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, bayan layin 'yan kallo. Wata tsohuwa mai sayar da dabino ta zaunar da shi a cinyarta, ta cire masa rigar shadda da takalmi, tana ba shi ruwa kaɗan kaɗan da murfin kwano. Na durƙusa na ce, "Iya, nawa ne." Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ɗan nan, kai ne ubansa? To, me ya yi maka ka kawo shi cikin ranar nan? Ka ga yana kuka ba hawaye." Na ciro kuɗi in ba ta, ta ƙi karɓa, ta ce in saya masa inuwa da su.

Maganar hawayen nan ba wasa ba ce. Da muka koma gida muka kira wata malamar asibiti da ke makwabtaka da surukaina, ta duba shi ta ce ruwan jikinsa ne ya yi ƙasa. Ta ce alamunsa ga ƙaramin yaro su ne kuka ba hawaye, da bushewar baki, da faɗawar idanu, da ƙarancin fitsari. Ta sa aka haɗa masa ruwan gishiri da sukari, watau a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi kurɓi kurɓi. Ta ce da ya kai ga kasa sha, ko ya yi laushi ba ya amsa kira, sai asibiti ba jira. A ƙarshen Maris da Afrilu kuwa ma'aunin zafi a ƙasar nan ya kan kai 40, kuma lokacin ne sanƙarau ya fi yawo. Allah ya taimake mu, kafin magariba ya warware. Surukata ba ta ce mini kome ba, wannan kuwa ya fi mini zafi da a ce ta yi faɗa.

Za ka ce na horu, amma takardata tana aljihu. Kashegari da yamma na ce tun da an zo a cika alkawari, muka tafi wani fili inda aka kafa wa yara lilo da dawakin ƙarfe masu juyawa saboda Sallah. Na biya kuɗin shiga na mutum uku, muka bi layi fiye da rabin awa. Da aka zo kanmu na ɗora shi a kan dokin, injin ya tashi, sai ya buɗe baki ya miƙo hannu, tilas aka tsai da abin aka sauke shi. Yara 'yan shekara shida da bakwai kuwa suna ta shewa, ba su so a tsaya. A nan na tuna da abin da na karanta game da Disneyland, babban gidan wasan nan na Amurka da aka buɗe a 1955. Can ba a karɓar kuɗin shiga na yaron da bai kai shekara uku ba, kuma waɗansu abubuwan hawa sai an gwada tsawon yaro kafin a bar shi ya hau. Ashe masu sana'ar da kansu sun san kowane wasa da shekarunsa, ni ne ban sani ba.

Birnin Kudu dai ba mu je ba. Ran Talata da sassafe, kafin rana ta yi ƙarfi, surukina ya ce in kawo yaron mu taka zuwa gindin wani dutse da ke bayan unguwarsu. Ba mu biya ko kwabo ba. Yaro ya sami tsakuwa yana tarawa a hular kakansa, ya bi ƙadangare har ya shige tsaguwar dutse, ya tsuguna yana leƙe yana kiransa. Wata akuya ta zo da 'ya'yanta biyu, ya yi ta dariya har da faɗuwa. Tsohon ya ɓare masa dabino ya cire ƙwallon ya ba shi. Da hantsi ya yi muka komo, ya sha kunu ya yi barci. Yau in ka tambaye shi me ya gani a Dutse, sai ya ce akuya. Sarki da dawaki ɗari, da kuɗin wata uku, ba ya tuna ko ɗaya.

Da na zauna na yi wa kaina hisabi sai na ga ashe ni ne mai son kallon, na fake da yaro. Ina so ne in koma ofis in nuna hotonsa da rigar Sallah a gaban dawaki, a ce wane ya kai ɗansa yawo. Hoton nan kuwa shi ya sa na saki hannunsa.

Saboda haka ga shawarata ga 'yan'uwa akawuna da malamai masu ƙananan yara. Ban ce kada a fita da su ba, gama zumunci da ganin gari abu ne mai kyau. Amma yaron da bai kai shekara huɗu ba, a fita da shi da safe ko da yamma, wuri ɗaya a yini, a komo kafin lokacin barcinsa. A sa masa tufa mara nauyi, a riƙe ruwa. In taro ne, ya zauna a bayan uwarsa ko a kafaɗar ubansa, kada ƙafarsa ta taɓa ƙasa, kuma a tsaya nesa da 'yan bindiga. A rubuta lambar waya a 'yar takarda a maƙala masa a riga. In kuwa tsohuwa ta ce a bar mata shi a gida, a bar mata.

Sa'an nan ina da roƙo ga masu shirya hawa a Dutse da sauran garuruwanmu, da masu kafa wuraren lilo. Da za a kafa rumfa guda a wurin da kowa ya sani, a sa mata tuta, a ajiye randar ruwa da mai shela da lasifika, a sanar tun kafin Sallah cewa duk wanda ya tsinci yaro ya kai shi can, da an rage wa iyaye tashin hankali ƙwarai. Abin ba zai ci kuɗin adon doki ɗaya ba. Ba kowa ne zai dace da tsohuwa mai dabino kamar yadda na dace ba.

Ita kuwa baiwar Allah nan ban san sunanta ba. Na koma gindin darbejiyar kafin mu taso ban same ta ba. In akwai mai karatu a Dutse da ya san wata tsohuwa da ta tsinci yaro mai koren ƙyalle a hannu ran Ƙaramar Sallah ta 2025, ina roƙonsa ya karanta mata wannan, ya ce mata uban yaron yana gaishe ta, Allah ya saka mata da alheri. Mun yi niyyar komawa in yaron ya kai shekara shida, in Allah ya kai mu, mu ga hawan tare, mu kuma biya bashin Birnin Kudu.

Haza wassalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Kano.